Hawan Nasarawa: Asalinsa, Bushe-bushensa da Gurbin Mata a Cikinsa

Hawan Nasarawa shi ne hawa na uku a jerin hawan Sallah da Masarautar Kano ta saba gudanarwa sau biyu a shekara, wato a Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. A wannan rana ce Sarkin Kano ke fita daga cikin ganuwa tare da hakimansa, ya ziyarci gidan sarauta na Nasarawa, ya shiga Gidan Gwamnati ya yi wa Gwamna barka da Sallah, sannan ya ratsa ta unguwannin waje kafin ya koma Gidan Rumfa. Sauran hawan na kewayawa ne tsakanin birni da gandayen sarauta. Wannan kuwa shi ne wanda fada ke fitowa ta sadu da hukuma, ta kuma sadu da baƙin da suka mayar da Kano gida.

A watan Disambar 2024, Hukumar Raya Ilimi, Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na bil'adama, a zaman da ta yi a birnin Asuncion na ƙasar Paraguay. Matsayin ya zo da nauyi, domin al'adar da aka ce a kiyaye sai an san abin da ta ƙunsa da kuma mutanen da ke riƙe da ita. Mahaya da dawakinsu kowa na ganinsu. Masu busa da kiɗa akan ji su, ba a cika sanin su ba. Mata kuwa, duk da yawan aikin da ke hannunsu, su ne aka fi mantawa idan ana ba da labarin hawa.

Jerin hawan Sallah

Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H.R. Palmer kuma ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya danganta abubuwa da yawa na hawa ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A zamaninsa aka fara Sallar Idi a Kano, a Shadakoko. Shi ne kuma aka ce ya fara amfani da kakaki da figini da takalman gashin jimina da dawakin zage. Sarakunan da suka biyo baya kowa ya ƙara nasa. An ce Sarki Kutumbi, a ƙarni na 17, idan zai fita yaƙi ko Idi, dawakin zage 100 ne ke bin sa, ga ganguna da kakaki da tambura a gaba. Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara kafa 'yan bindiga masu tsaron sarki.

A tsarin da aka sani a yau, ranar Sallah ake Hawan Idi, inda Sarki ke zuwa filin Idi na Ƙofar Mata, ya dawo fada bisa doki. Washegari da yamma sai Hawan Daushe, wanda ke ƙarewa a Ƙofar Kudu, inda hakimai ke zuwa jahi ɗaya bayan ɗaya suna jinjina. Rana ta uku da safe ita ce ta Nasarawa. Daga nan akan rufe da Hawan Ɗorayi ko na Fanisau, waɗanda dukansu tsofaffin gandayen sarauta ne a wajen gari.

Ya kamata a bambanta hawan Sallah da hawan daba. Hawan daba taro ne na musamman da ake haɗa sarakuna domin tarbar babban baƙo ko wani biki na ƙasa, kamar wanda aka yi wa Gwamna Lugard a Kano a 1913, da na Yariman Wales a Kano a 1925, da na Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956, da na bikin FESTAC a Kaduna a 1977. Hawan Sallah ya girme shi da ɗaruruwan shekaru, kuma Idi ne ke kawo shi.

Yadda Nasarawa ta shigo cikin hawa

Tun a ƙarni na 19 akwai gida da gandun sarauta a Nasarawa, a wajen ganuwa. Da sojojin Ingila suka ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin Sarki Alu ba ya gari, sai aka naɗa Wambai Abbas a matsayin Sarki, Turawa kuma suka kafa mazauninsu a yankin Nasarawa da Bompai. A nan gidan Razdan yake, da ofisoshi da bariki. A nan ne kuma Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909. Dokar birane ta 1917 ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, abin da ya ƙara nisanta birni da mazaunin sabbin masu iko.

A zamanin Sarki Abbas, wanda ya rasu a 1919, aka fara al'adar Sarki ya hau da jama'arsa ya kai wa Razdan gaisuwar Sallah. Asalin hawan ke nan, kuma a farkonsa alama ce ta cewa iko ya koma wani hannu. Sai dai fada ta san yadda ta ba shi wata ma'ana tata. Gidan Nasarawa ya zama makwancin sarakuna: a nan aka binne Sarki Abbas, da Sarki Abdullahi Bayero wanda ya rasu a 1953, da Sarki Ado Bayero wanda ya rasu a ranar 6 ga Yuni, 2014. Saboda haka Sarki kan fara tsayawa ya yi wa magabata addu'a kafin ya isa wurin hukuma.

Bayan samun 'yancin kai a 1960 da ƙirƙiro Jihar Kano a ranar 27 ga Mayu, 1967, Gwamna ya maye gurbin Razdan, tun daga kan Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo. Unguwar da a da aka keɓe wa Turawa ta zama ta manyan ma'aikata da attajirai, wadda ake kira Nasarawa GRA. A Gidan Gwamnati Sarki kan yi jawabi, inda yakan isar da koke-koken talakawa a kan abubuwa irin su ruwan sha, makarantu, tsaro da tsadar kayan masarufi, Gwamna kuma ya mayar da jawabi. Daga nan ayari ya kama hanya ta Sabon Gari da Fagge. Sabon Gari ta kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, kuma a wannan rana ce mazauna cikinta, Yarabawa da Inyamurai da sauran ƙabilu, ke ganin Sarki a ƙofar shagunansu.

Bushe-bushe da kaɗe-kaɗen fada

Mai kallon hawa kan ji tahowar Sarki tun kafin ya hango laima. Da farko ƙarar bindigogin gargajiya, sannan kakaki. Kakaki doguwar busa ce ta ƙarfe da ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa, tsawonta kan wuce mita biyu. Sautukanta kaɗan ne, amma da su mabushi ke kwaikwayon hawa da saukar muryar Hausa, har wanda ya saba ya gane take da kirarin da ake nufi. Ba a busa wa kowa kakaki sai Sarki, kuma wannan ƙa'ida ita ta mayar da shi alamar mulki a dukan ƙasar Hausa da Borno da Nufe.

Tare da kakaki akan ji farai, wanda ake yi da itace, da ƙaho, wanda ake yi da ƙahon gwanki. Algaita kuwa busa ce mai bakin kara wadda mabushinta ke cika kumatu da iska yana shaƙa ta hanci, don haka sautinta ba ya yankewa. Algaita da kakaki duk suna da 'yan'uwa a Arewacin Afirka, abin da ke nuna tsohuwar hulɗar Kano da ƙetaren Sahara. A ɓangaren kiɗa akwai tambari, wanda shi ma na Sarki ne kaɗai, da jauje da kotso da taushi da ganga, da kuge na ƙarfe. Hakimai na da nasu makaɗa da masu algaita, kowanne da takensa, shi ya sa tsohon ɗan birni kan iya faɗin hakimin da ke tafe ko da bai ɗaga kai ba. David Ames da Anthony King sun tattara sunayen waɗannan kayan kiɗa da ma'anoninsu a ƙamus ɗin kiɗan Hausa da suka wallafa a 1971.

Abu muhimmi game da wannan fanni shi ne gado. Akwai sarautu irin su Sarkin Kakaki da Sarkin Tambari da San Ƙira, kuma sana'ar kan bi gida ne daga uba zuwa ɗa. Yaro kan tashi yana riƙe wa mahaifinsa kaya, yana jin take har ya zauna masa a ka. Ba a rubuta shi a takarda, kuma ranar hawa ita ce babbar makarantarsa. Wannan tsari ya kiyaye sautin fada na tsawon ƙarnuka, shi ne kuma ya sa busar fada ta tsaya a hannun maza.

Badujala

Nasarawa da Bompai sun kawo wa Kano wata busar ta daban, wadda Hausawa ke kira badujala, wato kiɗan soja da 'yan sanda. Tarihinta a Najeriya na haɗe da Hausawa tun daga tushe. A 1863 John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas wadda akasarinta Hausawa ne, kuma daga gare ta Rundunar Sojan Najeriya ke ƙirga asalinta. Rundunar sojan Afirka ta Yamma da aka ɗora wa Lugard kafawa a 1897 ta riƙi Hausa a matsayin harshen bariki. A barikin, begila ce agogo: da ita ake tashi, da ita ake fita fareti, da ita ake kwanciya. Cikakken rukunin badujala kan haɗa kayan busa na tagulla manya da ƙanana, da babbar ganga mai ba da taki, da ƙananan ganguna masu kaifin sauti.

A gaɓar teku wannan kiɗa ya fita daga bariki ya shiga gari. Sojojin Karibiyan da Ingila ta girke a Cape Coast ta ƙasar Ghana a shekarun 1870 sun bar wa matasan wurin sha'awar kayan busa, daga nan aka samu salon adaha, wanda yana cikin tushen kiɗan highlife. A Kano kuwa badujala ta fi zama a hannun hukuma da makarantu da coci-cocin Sabon Gari. Ita ake ji a faretin 1 ga Oktoba, da na Ranar Yara ta 27 ga Mayu, da ranar rantsar da Gwamna.

Bambancinta da busar fada a fili yake. Kakaki gado ne, badujala kuwa aiki ne da ake ɗaukar mutum a koya masa, kuma ana rubuta sautinta a takarda. Ta wannan ƙofa mata suka shigo. An fara ɗaukar mata aikin ɗan sanda a Najeriya a 1955. Shirin yi wa ƙasa hidima da aka kafa a 1973 ya sa 'yan mata masu digiri fareti kafaɗa da kafaɗa da maza, har a sansanin Kusalla da ke Ƙaraye, kuma ba baƙon abu ba ne a ga mace riƙe da ganga ko begila a can. Haka ma ɗalibai mata na sakandare a ranakun fareti.

Gurbin mata

A ayarin hawa, daga 'yan lifidi da 'yan sulke zuwa dogarai da zagage, maza ne. Amma duk wanda ya tsaya a nan bai ga rabin labarin ba.

Na farko, hawa guda cikin jerin an gina shi ne a kan girmama uwa. A Hawan Daushe Sarki kan bi ta Babban Ɗaki domin gaida mahaifiyarsa, wadda ake kira Mai Babban Ɗaki, dubban mahaya kuma su jira. Matsayin uwar sarki tsoho ne a Kano. Tarihi ya ambaci Madaki Auwa, matar Rumfa, mahaifiyar Sarki Abdullahi kuma kakar Sarki Kisoki, a matsayin mai faɗa a ji a zamanin ɗanta da jikanta. A zamanin nan, sunan Hajiya Hasiya, mahaifiyar Sarki Ado Bayero, shi ne a kan asibitin yara na cikin birni. Heidi Nast, a littafinta na 2005 kan matan Gidan Rumfa, ta nuna cewa a ƙarnukan baya matan cikin gida sun riƙe harkar tara hatsin fada da kuma rini, wato ginshiƙai biyu na dukiyar masarauta.

Na biyu, mata na da tasu murya a cikin sautin hawa. Zabiya mawaƙiya ce ta fada mai yabon Sarki da zuriyarsa, kuma Beverly Mack, a littafinta na 2004 kan waƙoƙin matan Hausawa, ta kawo labarin Maizargadi, zabiyar fadar Kano a zamanin Sarki Ado Bayero. Sai maguɗa, waɗanda guɗarsu ke tashi daga soraye da bakin titi idan laima ta bayyana. Sai jakadu mata, masu kai saƙo tsakanin cikin gida da waje a ranakun da fada ke cike da baƙi.

Na uku, akwai tattalin arzikin Sallah. Polly Hill ta yi rubutu a 1969 kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki na matan Hausawa da ke sana'a daga cikin gida, Enid Schildkrout kuma ta nazarci irin wannan ciniki a Kano a shekarun 1970. Mako biyu kafin Sallah wannan kasuwa ke cika: masu kitso da lalle, masu ɗinkin hula da na kayan yara, masu alkaki da nakiya da dubulan. Ranar hawa kuma ga masu zoɓo da kunun aya da abincin sayarwa a duk inda jama'a suka taru. Gidan hakimin da ya shigo birni da tawagarsa sai an ciyar da mutane da dama na kwanaki, kuma mata ne a bakin murhu. Ribar wannan lokaci da ita mata da yawa ke zubin adashi, su sayi kayan ɗakin 'ya'yansu, su biya kuɗin makaranta.

Na huɗu, mata na da kiɗansu da jerin gwanonsu. Kiɗan ƙwarya da shantu da amada na mata ne zalla. Uwaliya Mai Amada ta yi suna a Kano, Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da amada daga tsakar gida zuwa dandamali da gidajen rediyo, kuma an san ta da kiran mata su kama sana'a. Tun kafin su, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru. Takan naɗa jaji, ta ba ta malfa da jan rawani, jajin kuma ta jagoranci ayarin mata daga ƙauyuka zuwa wurin malamar domin ɗaukar karatu. Ayari ne na mata, a kan hanya, da shugabarsa da alamarsa. A Kano ta yau, ɗalibai mata na Islamiyya kan fito sahu-sahu cikin kayan makaranta a lokacin Mauludi da kuma Maukibin Ƙadiriyya, wanda Shaikh Nasiru Kabara ya assasa a farkon shekarun 1950.

Titi bai zo wa mata da sauƙi ba. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri, an kuma kore ta daga Kano a shekarun 1950 saboda tara mata da yi musu jawabin siyasa. Matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976.

Makamantansa a wasu ƙasashen baƙar fata

Fita titi da busa da kiɗa da ado domin nuna ko su wane ne al'umma abu ne da baƙar fata suka riƙe a duk inda tarihi ya kai su. Misalin da ya fi shahara shi ne na birnin New Orleans a kudancin Amurka. A 1817 hukumar birnin ta taƙaita taruwar bayi zuwa fili guda, wanda ake kira Dandalin Kwango, inda suke kiɗa da rawa ranar Lahadi. Bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, 'yantattun bayi sun kafa ƙungiyoyin taimakon juna, domin kamfanonin inshora ba sa karɓar su. Kowa na zuba kuɗi, kamar adashi, idan ɗan ƙungiya ya kwanta a biya magani, idan ya rasu a yi masa sutura a raka shi da badujala. Masu busa da 'yan ƙungiya su ne sahu na farko, jama'ar gari da ke biye suna rawa su ne sahu na biyu, kuma da wannan suna na biyu aka san al'adar. Har yau kusan kowace Lahadi, ban da tsakiyar bazara, wata ƙungiya kan fito na kimanin awa huɗu. Daga wannan muhalli kiɗan jazz ya fito, da gwaninsa Louis Armstrong, wanda ya ziyarci Najeriya a 1960.

A can ma maza ne suka fara mamaye kayan busa da shugabanci. Mata sun kutsa ne ta hanyar kafa nasu. Wajen 1912 wasu mata baƙar fata daga unguwar talakawa suka fara fita bikin Mardi Gras da sunan Baby Dolls, tarihin da Kim Marie Vaz ta rubuta a 2013. A 1984 aka kafa ƙungiyar Lady Buckjumpers. A 1991 aka kafa rukunin badujala na Pinettes a makarantar 'yan mata ta St. Mary's Academy, mata zalla, kuma a 2013 suka doke rukunonin maza a wata babbar gasar busa ta birnin. Makaranta ce ta ba su kayan busa da malami, ƙungiya kuma ta ba su titi.

A birnin Salvador na jihar Bahia a Birazil, inda bayi Hausawa suka jagoranci yunƙurin tawaye a 1807 da 1814, suka kuma shiga boren Musulmi na watan Azumin 1835, an kafa ƙungiyar Ilê Aiyê a 1974 domin baƙar fata su samu nasu ayari a bikin shekara, kuma kowace shekara takan zaɓi sarauniya. A 1993 aka kafa Didá, rukunin makaɗa mata zalla. A Landan kuwa, mata biyu ake ambata a tushen bikin Notting Hill: Claudia Jones, 'yar asalin Trinidad, wadda ta shirya bikin farko a cikin zaure a watan Janairun 1959 bayan tarzomar wariyar launin fata ta 1958, da Rhaune Laslett, wadda ta fitar da shi titi a 1966.

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Waɗancan bukukuwa sun taso ne daga talakawan da aka hana wuri, hawan Kano kuwa daga fada ya fito, Idi ne mafarinsa, kuma addini da al'ada sun shata masa iyaka. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne cewa duk wanda aka gani ko aka ji a titi ranar taro, an shaida yana cikin masu gari. Darasi na biyu shi ne, a duk waɗannan wurare an san sunayen matan ne saboda an samu waɗanda suka zauna suka rubuta.

Halin da ake ciki

A 'yan shekarun nan hawan ya sha katsewa. An soke Hawan Nasarawa a Ƙaramar Sallar 2019 lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnati da masarauta. Annobar korona ta hana hawa a 2020. Bayan rikicin sarauta da ya taso a watan Mayun 2024, rundunar 'yan sanda ta hana hawa a Babbar Sallar wannan shekara da kuma Sallolin 2025, bisa dalilan tsaro. Gidan Nasarawa kansa ya shiga tsakiyar wannan taƙaddama.

Asarar da ke cikin rashin hawa ta wuce ta kallo. Masu sirdi da linzami da kayan doki, da marina da maɗinka, da masu otal da masu abin hawa, duk suna da kaso a wannan mako. Mai zoɓo da mai alkaki su ma haka, sai dai tasu asarar ba ta shiga lissafin kowa. Ɗan mabushin da ya kamata ya koyi take a bayan mahaifinsa kuwa, duk Sallar da ta wuce ba hawa darasi ne ya kuɓuce masa, alhali dattawan da suka san taken suna ƙara tsufa.

Najeriya ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kiyaye al'adun gado a 2005, kuma yarjejeniyar ta wajabta wa ƙasa ta riƙa tattara bayanan irin waɗannan al'adu tare da masu su, ta kuma riƙa ba da rahoto. Kafin hawan Kano, bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin a 2016. Kano na da wuraren da za su iya ɗaukar wannan aiki: Gidan Makama, da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa a nan Nasarawa, da sassan nazarin Hausa da tarihi na Jami'ar Bayero. Abin da ke jiran su sananne ne: naɗar taken kowane hakimi daga bakin masu busa shi, rubuta salsalar gidajen kakaki da tambari da algaita, da zama da zabiyoyi da maguɗa da jakadu da tsofaffin matan fada a ɗauki abin da suka sani da sunayensu. Yawancin waɗannan mata ba sa fitowa gaban kyamara ranar hawa, don haka sai an bi su har gida, kuma mata masu bincike ne za su fi samun shiga.